Mamman Shata

Alhaji Mamman Shata, wanda aka fi sani da Dokta Mamman Shata Katsina (an haife shi a shekarar 1923, ya rasu ranar 18 ga watan Yuni, 1999), mawaƙin baka ne na Hausa wanda ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa da kiɗan kalangu. An haife shi a Musawa da ke Jihar Katsina ta yanzu, ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano, ya rasu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke ƙaramar hukumar Tarauni, aka binne shi a Daura. Yana cikin mawaƙan Hausa da aka fi ɗaukar muryarsu a faifai da kaset da gidajen rediyo a ƙarni na 20. Duk da haka, a tsawon rayuwarsa babu wani jadawali na mako-mako a Arewacin Najeriya da yake lissafa waƙoƙin da suka fi kasuwa, irin wanda ake yi a Turai da Amurka, don haka ta wasu hanyoyi daban ake gane girman karɓuwar da ya samu.

Asali da ƙuruciya

Sunansa na yanka Muhammadu. Mahaifinsa shi ne Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, kuma gidansu na da asalin Fulani. Ya yi karatun allo yana yaro kamar sauran tsararrakinsa. Ya yi tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa, kuma a wajen tallan ne da dandalin da samari da 'yan mata ke taruwa da dare aka fara jin muryarsa. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ne ya laƙaba masa sunan Shata, sunan da ya danne na yanka har ya zama da shi duniya ta san shi.

Shata bai gaji waƙa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar Hausa ta wancan lokaci, inda kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma ake yi wa mai yin ta kallon na ƙasa ko da yana da dukiya. Mahaifinsa bai so ya shiga harkar ba, domin a ganinsa waƙa bara ce, kuma ɗan gidansu bai kamata ya miƙa hannu ba. Shata bai bari ba. Da farko don nishaɗi yake yi, ba don kuɗi ba, sai daga baya ya ajiye faranti ya rungumi waƙa gaba ɗaya.

Bakori, Kano da Funtuwa

Ya bar Musawa ya koma Bakori bisa gayyatar Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa da ke aikin En'e a can, yana kula da sayen auduga da gyaɗa. Zaman Bakori ya sa shi a tsakiyar ƙasar noman auduga, inda kuɗi ke shiga hannun manoma da dillalai da direbobi a lokacin kaka, kuma irin waɗannan mutane ne suka fara ɗaukar nauyinsa. Daga nan ya riƙa zagaya garuruwa, Katsina da Zariya da Kano da sauransu.

A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya yi wasa a wani babban biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda. Masu tarihin rayuwarsa suna ɗaukar wannan biki a matsayin inda tauraronsa ya fito sosai. Kano ita ce babbar kasuwar Arewa, wanda kuwa ya karɓu a wajen attajiranta da 'ya'yan sarakunanta, labarinsa zai bi fatake da jirgin ƙasa ya kai inda ƙafarsa ba ta taka ba. A shekarar 1960 ya koma Funtuwa, wadda ta zama gidansa kusan shekara arba'in, amma bai rabu da Kano ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi yawo ƙwarai. Ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune a zango-zango, ya je Saudiyya, ya kuma je Ingila da Amurka.

Kalangu da tsarin waƙarsa

Kalangu ganga ce mai baki biyu da siririn tsakiya, wadda makaɗi ke ratayawa a hammata yana bugawa da gula. Idan ya matse tsarkiyar da ta haɗa fatun biyu sai sautin ya hau, idan ya saki sai ya sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana ɗauke da sautin sama ko na ƙasa ko mai faɗuwa, shi ya sa kalangu ke iya kwaikwayon magana har mai sauraro ya gane take ko kirarin da ake kaɗawa ba tare da an furta kalma ba. A al'ada kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Ba kayan fada ba ne kamar kotso da taushi da tambari. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso suka yi suna, Sarkin Taushin Katsina kuma da taushi. Shata ya ɗauki gangar talakawa ya shiga da ita har gaban sarakuna.

Bai zama mawaƙin wani sarki guda ba. Makaɗin fada yana da ubangida ɗaya, yana cin abincinsa, yana yabonsa, yana yi wa abokan hamayyarsa zambo. Shata kuwa ya yi wa sarakuna da hakimai waƙa, ya yi wa attajirai da 'yan siyasa da sojoji, ya yi wa direbobi da mata da 'yan kasuwa, ya yi wa daji da namun daji. Ya yi waƙar yabon Annabi, ya kuma yi waƙar da ta shafi shan giya wadda ta jawo masa suka daga malamai. A lokacin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojoji da kiran haɗin kan ƙasa. Bayan da Amurkawa suka sauka a duniyar wata a watan Yuli na 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, wadda ta kai labarin ga mutanen da ba su karanta jarida. A fagen zambo kuwa, Gagarabadau ta isa misali, kuma tsoron harshensa na cikin abin da ya sa manya ke kiyaye shi.

Tsarin waƙar tasa mai sauƙi ne a ido. Akwai gindin waƙa, wato amshi, wanda makaɗansa ke maimaitawa ba canji, shi kuma yana zuba ɗiyan waƙa a tsakani. Wannan ya bambanta da tsarin su Ɗanƙwairo, inda 'yan amshi ke karɓar layi su ƙarasa shi tare da jagora, abin da ke buƙatar a zauna a haddace tun kafin a fita. An san Shata da cewa ba ya zama ya shirya waƙa ko ya yi gwaji, nan take yake ƙirƙira, yana duban wanda ke gabansa da abin da ke faruwa a wurin. Ga mai nazarin harshe, daɗin abin yana cikin yadda yake sarrafa jimla gajera, da karin harshen Katsina da ke fitowa a bakinsa, da yadda yake cusa baƙin kalmomi na zamani cikin Hausa ba tare da sun yi karo da kiɗan ba. Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari a ciki, ita ce aka fi ɗauka a matsayin tambarinsa, kalmar kuwa ita ce abin da Hausawa ke kiran fitacciyar waƙar kowane mawaƙi ko gagarumin aikin kowane marubuci.

Yadda waƙoƙinsa suke fita

A kasuwar waƙa ta Turai, waƙa tana da ranar fita. Kamfani ne ke ɗaukarta a situdiyo, ya buga ta a ƙaramin faifai mai fuska biyu, ya ba ta lamba, ya sanya ranar da za ta shiga kantuna, kuma tsawonta ba ya cika wuce minti uku zuwa huɗu saboda gidajen rediyo. Waƙar Shata ba haka take zuwa duniya ba. Sau da yawa a gidan biki ake fara jinta, ko a ƙofar gidan wanda aka yi wa, ko wajen naɗin sarauta. Bayan nan ne za ta kai gidan rediyo ko kamfanin faifai, wani lokaci bayan shekaru, kuma kafin ta kai ta riga ta canza. An ƙara sunayen waɗanda suka yi kyauta, an cire waɗanda aka ɓata da su, an tsawaita wani wuri. Shi ya sa Bakandamiya ba ɗaya ba ce, akwai ɗauka daban-daban da suka bambanta a tsawo da baitoci, kuma masu sha'awar Shata sukan yi gardama a kan wadda ta fi. Tambayar wace shekara wata waƙa ta fito tana da amsa fiye da ɗaya, kuma duk wanda ya rubuta shekara guda a gaban sunan waƙar Shata ya kamata ya faɗi wace ɗauka yake nufi.

Na'urorin ɗaukar murya su ma sun yi tasiri. Tsohon faifan garmaho minti uku ko ɗan fiye yake ɗauka a kowace fuska, abin da ke tilasta wa mawaƙin da ya saba raba dare yana waƙa ya datse ta. Babban faifai da ya zo daga baya yana ɗaukar kusan minti ashirin a fuska ɗaya. Kamfanin EMI na cikin waɗanda suka buga faya-fayan Shata a Najeriya. Amma faifai kayan masu hali ne, yana son garmaho da allura, yana karcewa, zafin rana kuma na lanƙwasa shi.

Rediyo ce ta kai shi ƙauye. A shekarar 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda daga baya ya koma hannun gwamnatin tarayya. Da yake yana watsa shirye-shirye a gajeren zango, ana kama shi a Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi har Sudan. Gidan Rediyon Kano da gidajen talabijin na Kaduna da Kano su ma sun ɗauki Shata sau da dama, kuma yawancin hotunan bidiyonsa da ke yawo a yau, yana tsaye da babbar riga makaɗa na bayansa, daga irin waɗannan ɗauka suka fito.

Sai kaset. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwannin Najeriya a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya sa rakoda mai batir ta shiga hannun talaka. Kaset yana da arha, yana ɗaukar awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi, kuma duk mai rakoda biyu zai iya kwafarsa. A Kano, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafa da rarraba kaset zuwa sassan Arewa da maƙwabtan ƙasashe. Wannan ya yaɗa Shata fiye da yadda kowane kamfani zai iya, a motocin haya da shagunan tela da teburin mai shayi. Sai dai kwafin da aka yi a kasuwa ba ya shiga littafin kowa, kuma kuɗinsa ba ya komawa ga mawaƙi. Dokar haƙƙin mallaka mai ƙarfi ba ta zo ba sai 1988, lokacin Shata ya haura shekara sittin. Abin da ya riƙe shi tun farko kyautar iyayen gida ce, kuɗi da riguna da dawaki da motoci, kaset kuwa ya zama kamar talla da ke jawo masa gayyata.

Ma'aunin karɓuwa

A watan Nuwamba na 1952, shekarar da Shata ya yi wasan Bikin 'Yan Sarki, jaridar waƙa ta New Musical Express ta fara buga jadawalin faya-fayan da suka fi ciniki a Ingila, bayan ta tuntuɓi kantuna kusan ashirin ta tattara alƙalumansu. A Amurka, mujallar Billboard ta fara jadawalinta na waƙoƙi ɗari a watan Agusta na 1958. Tun daga nan tarihin mawaƙin Turai ya zama abin da ake rubutawa da lambobi: ranar da waƙa ta fita, matsayin da ta kai, makonnin da ta yi a sama.

Misalin da ya fi kusa da Shata a wannan fage shi ne Mory Kanté na ƙasar Gini, wanda ya fito daga gidan maroƙan gado na Mandinka. Ya koma Faris da zama, ya haɗa kayan kiɗansa na gargajiya da kiɗan rawa na na'ura irin na gidajen rawar Turai, ya fitar da Yé ké yé ké a 1987. A 1988 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Holan da wasu ƙasashen Turai, kuma ana lissafa ta a matsayin waƙar Afirka ta farko da aka sayar da kwafinta sama da miliyan ɗaya. Sana'ar Kanté ta asali da ta Shata kusan ɗaya ce, yabo da kirari da kiyaye sunayen mutane. Bambancin shi ne Kanté ya shiga kasuwar da ke ƙirga kowane faifai, Shata kuwa ya yi aiki a kasuwar da ba ta ƙirgawa. Najeriya ba ta samu jadawalin mako-mako mai ɗorewa da ya dogara da alƙaluma ba sai da TurnTable ta fara nata a 2020, shekara ashirin da ɗaya bayan rasuwarsa, kuma shi ma ya fi auna abin da ake saurare ta intanet da manyan tashoshin birane.

Abin da ya fi kama da jadawali a zamanin Shata shi ne shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna da takwarorinsa, inda masu sauraro ke aiko da kati ko wasiƙa su gai da 'yan'uwa da abokai, su zaɓi waƙar da za a sa musu. Yawan neman waƙa a irin wannan shiri shaida ce ta karɓuwarta, sai dai ba a tara shi a matsayin lissafi ba. Sauran shaidun a warwatse suke: yawan mutanen da suka nemi ya yi musu waƙa, nisan garuruwan da aka gayyace shi, da yadda maganganunsa suka shiga bakin jama'a har wasu ke amfani da su kamar karin magana ba tare da sun san daga ina suka fito ba. Akwai kuma mutanen da ba don waƙarsa ba da tuni an manta da su, amma har yau ana ambaton sunayensu a garuruwan da ba su taɓa zuwa ba. Rashin lissafin yana da illarsa. Shi kansa Shata bai riƙe adadin waƙoƙinsa ba, da yawa an yi su a wuraren da babu rakoda, wasu kuma suna kan tsofaffin faya-fayan gidajen rediyo da kaset na masu tarawa, waɗanda zafi da ƙura ke ci.

Siyasa

A shekarun 1970 ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku an zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba aka sauke shi bayan saɓani da manyan jam'iyyar a jihar. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki ba lallai ya iya zaman biyayyar jam'iyya ba.

Nazari da karramawa

A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka da kundi a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani. Aikin ya shigar da Shata cikin muhawarar da masana irin su Milman Parry da Albert Lord suka tayar, kan yadda mawaƙin da ba ya rubutu ke iya gina doguwar waƙa nan take ta hanyar jujjuya wasu sassan magana da ya riga ya mallaka. Graham Furniss ya yi magana a kansa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, haka ma Sa'idu Muhammad Gusau a rubuce-rubucensa kan makaɗa da mawaƙa.

Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988, shekarar da waƙar Mory Kanté ke saman jadawalin Turai, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa na dokta, kuma daga nan ne Dokta ya manne wa sunansa. Ga mutumin da mahaifinsa ya ƙi sana'arsa saboda ana kiranta roƙo, kuma bai yi karatun boko ba, wannan ya canza yadda 'yan boko ke kallon makaɗan gargajiya gaba ɗaya. Bayan rasuwarsa, Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami sun wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Shata Ikon Allah a 2006, wanda ya dogara da hirarraki da makaɗansa da iyalansa da waɗanda ya yi wa waƙa.

Rashin lafiya da rasuwa

A ƙarshen shekarun 1990 rashin lafiya ya kwantar da shi. An yi jinyarsa a Kano, aka kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya dawo gida, sannan ciwon ya sake tashi. An kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, daura da unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a ƙaramar hukumar Tarauni, inda ya rasu ranar Juma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, makonni uku bayan komawar Najeriya mulkin farar hula. Ya bar mata da 'ya'ya da jikoki.

Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kuma kai shi Funtuwa inda ya zauna ba. An ɗauki gawarsa zuwa Daura, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966, ya kuma kasance babban ubangidansa da ya yi wa wasu daga cikin fitattun waƙoƙinsa. A can aka yi masa sallah aka binne shi.